Kur ɗin lissafi na yamma da ƙanwata take zuwa a Zinder: abin da ya burge ni da abin da bai yi mini ba

Salamu alaikum jama'a. Tunda aka ga ƙanwata ta fara samun maki mai kyau a lissafi iyaye da yayye suke ta tambayata game da kur ɗin yamma da take zuwa, wato darasin ƙari na kuɗi bayan an tashi daga makaranta, ko yana da kyau, ko ya cancanci kuɗinsa, wani ya tare ni a bakin masallaci wani ya turo murya a WhatsApp, to na ga gara in rubuta abin da na sani gaba ɗaya kowa ya karanta ya yanke wa kansa shawara. Sunan mushen, wato malamin da ke koyarwar, da ƙofar gidan ba zan sa su a nan ba, don akwai wuraren da zan yi ƙorafi kuma ba na son a ɗauka tozarta bawan Allah nake son yi. Amsata a gajarce dai ita ce e, yana da kyau, ina biya kuma zan ci gaba da biya in sha Allah, amma ba kowane yaro ne zai ci moriyarsa ba.

Ni seri D na yi a lise, kuma ni nake zuwa ɗaukar yarinyar a babur, sau da yawa ina isa ba a tashi ba sai in samu bakin benci na baya in zauna, mushen bai taɓa hana ni ba, asali ma shi ya fara ce mini "Malam shigo daga ciki mana, ƙurar nan ba ta zaman waje ba ce". Don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Wurin garejin gida ne aka share aka jera bencina, bango aka shafa wa baƙin fenti ya zama tablo, akwai fanka da ƙwan sola saboda in an ɗauke wuta. Ƴan piramiyer C da D tare ake haɗa su, ƴan tarminal ranarsu daban. Kuɗin wata jika biyar ne, sefa 5.000, ban da na fotokofi.

Abin da ya sa na yarda da mutumin nan shi ne yadda na ga ya koyar da fonksiyon ta digiri na uku, wato mai x³ a gaba, ax³ + bx² + cx + d, da zanen kurbunta. Duk wanda ya yi lise a ƙasar nan ya san yadda aka saba, a ba ka jeri ka haddace: domen, limit, deribe (wadda ke nuna ko kurbu hawa take ko sauka), alamar deribe, tablon bariyasiyon, sannan can ƙarshe in lokaci ya rage a ce ka zana. Yaro sai ya cika tablo da kibiyoyi, wannan ta hau wannan ta sauka, komai daidai, amma ka ce ya zana sai ka ga ya ja wani layi da ba ruwansa da tablon da shi da hannunsa ya rubuta yanzun nan, don a kansa abubuwa biyu ne daban. Ba laifin malaman lise nake gani ba fa, wanda aka ba aji cike maƙil da porogaram mai tsawo dole ya yi gudu. Amma abin da ake samu kenan, kuma haka ƙanwata take lokacin da na kai ta.

Shi ta wata hanya ya ɓullo wa abin. Ranar farko ko sunan deribe bai kira ba. Ya rubuta fonksiyon uku a tablo, x³, da x³ − 3x, da x³ + 3x, ya raba yara gida uku kowane gida ya ɗauki ɗaya, ya ce ku dinga sa lambobi a madadin x, na hagu da sifiri da na dama, ku ɗiga abin da kuka samu a kaye mai gida-gida ku haɗa da fensir. Masu x³ + 3x suka ga tasu hawa kawai take yi, −14, −4, 0, 4, 14, ba tsayawa. Masu x³ tasu ma hawa take amma wajen sifiri sai ta ɗan kwanta kamar za ta tsaya sannan ta sake miƙewa. Masu x³ − 3x su ne suka fara hayaniya, don a −2 sun samu −2, a −1 sun samu 2, a 0 sifiri, a 1 suka faɗo −2, a 2 suka koma 2, wato ta hau ta sauka ta sake hawa, har wani yaro ya ɗaga hannu ya ce Mushe ina jin mun ɓata. Ya ce ba ku ɓata ba, ga tudu ga kwari nan kun samo, tambayar da za mu zauna a kanta ita ce me ya sa taku take da su ta maƙwabtanku ba ta da su, alhali alama ɗaya tak ce ta raba ku.

Sannan ya ce kowa ya sa 10. Aka samu 1000 da 970 da 1030. Ya ce to ku sa 100, x³ ya ba da miliyan ɗaya, 3x ɗin nan da ya tayar da rigima 300 ne kacal, ko ka ƙara shi ko ka rage shi ba wanda zai lura. Yaran da bakinsu suka ce ashe in an yi nisa duk ukun tafiyarsu ɗaya, x³ ne ke riƙe da akala, rigimar duk a tsakiya take kusa da sifiri. To ai wannan shi ne limit a infini da ake haddacewa, ga shi sun gane shi tun ba a rubuta alamarsa ba. Daga nan kuma ya ciro wani abu da ni a ganina duk mai shiga jarrabawa ya kamata ya riƙe: tunda kurbun daga can ƙasa ta hagu ta taso ta ƙare can sama ta dama, ko akasin haka in a ɗin da ke gaban x³ negatif ne, kuma ba ta yankewa a hanya, to ba makawa sai ta ƙetare layin x ko da sau ɗaya ne. Parabol, kurbun digiri na biyu, tana iya zama a sama ba ta taɓa layin ba sam in delta, lambar da ke nuna yawan amsoshinta, negatif ne, amma mai x³ ba ta da wannan damar. Kenan duk yaron da ya rubuta wai ekwasiyon ta digiri na uku ba ta da amsa ko ɗaya, ya san akwai matsala a takardarsa tun kafin ya miƙa ta.

Sai a zama na gaba deribe ta shigo, kuma ta shigo ne don ta amsa waccan tambayar da ya bari rataye. Deriben x³ − 3x ita ce 3x² − 3, tana zama sifiri a −1 da 1, yaran suka duba zanensu na jiya suka ga ai daidai nan ne kan tudu da gindin kwari, tudun a tsawon 2 kwarin a −2. Ta x³ + 3x kuwa 3x² + 3 ce, ko me ka sa ba za ta sauko sifiri ba, shi ya sa ba hutu a hawan. Ta x³ ita ce 3x², tana taɓa sifiri sau ɗaya amma ba ta sake alama, shi ne wannan ɗan kwanciyar, tanjant a kwance amma ba juyawa. Ya ce to ku lura, kowace fonksiyon ta digiri na uku deribenta 3ax² + 2bx + c ce, digiri na biyu kenan, abin da kuka sani tun sekond, delta ɗinta kawai za ku duba: in pozitif ne akwai tudu da kwari, in sifiri ne akwai ɗan kwanciya, in negatif ne tafiya ce miƙaƙƙiya. Siffa uku kenan duk duniya, sai juyinsu in a ɗin negatif ne, ba ta huɗu. Wallahi a zamaninmu ba wanda ya taɓa tara mana su wuri guda haka, kowane egzarsis sabon abu muke ɗaukarsa. Tun daga ranar in ƙanwata za ta fara aiki sai ta yi ɗan zane a gefen takarda na abin da take tsammani, sannan ta cika tablo, in ba su yi daidai da juna ba ta san ta koma baya.

Inda na fi jin daɗi shi ne ranar x³ − 3x + k. Ya ce ku ɗauka layin x fuskar ruwan tabki ne da damina, kurbun kuma ƙasa ce mai tudu da kwari, k shi ke ɗaga ƙasar ko ya nutsar da ita, siffarta ba ta sakewa. Muddin k yana tsakanin −2 da 2 tudun yana waje kwarin yana cikin ruwa, ƙetarawa uku, amsa uku. In k ya kai 2 daidai gindin kwarin ya zo ya taɓa fuskar ruwan a x = 1, ya sa suka buɗe (x − 1)²(x + 2) suka ga x³ − 3x + 2 ne ya fito, to ga ma'anar rasin, wato inda fonksiyon ke zama sifiri, mai ninki biyu, taɓawa ba tare da ƙetarawa ba. In k ya wuce 2 saura amsa ɗaya can ta hagu, in ya yi ƙasa da −2 tudun ya nutse saura ɗaya ta dama. Wanda ya taɓa ganin takardun bak, jarrabawar ƙarshen lise, ya san irin tambayar nan ta a faɗi yawan amsoshi gwargwadon yadda lamba irin k ɗin nan take sakewa, yara da yawa tsallake ta suke, alhali da wannan hoton a kai aikin minti biyu ne.

A nan ne ya fito da waya, kuma yadda yake amfani da ita ya yi mini. GeoGebra yake amfani da ita, manhaja ce ta kyauta wadda Markus Hohenwarter ya fara a 2001 a jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya, akwai Faransanci a ciki, kuma in ka sauke ta sau ɗaya ba ta buƙatar koneksiyon, wanda a nan garin ba ƙaramin abu ba ne in ka duba kuɗin forfe. Kana jan k da yatsa kana ganin kurbun tana hawa tana sauka. Amma dokarsa ita ce duk mai waya ya ajiye ta a kwando a bakin ƙofa, ba a ɗauka sai an gama zane da hannu, wayar ta zo ta gaskata ka ko ta ƙaryata ka. Ya ce ranar bak ba waya, daga kai sai bik da regil. Waɗanda ba su da babbar waya, kuma suna da yawa, tasa yake miƙawa tana zagayawa benci-benci, ban taɓa ganin ya sa wani yaro ya ji kunya a kan wannan ba.

Akwai wata dabara ƙarama da ya ba su ta duba aiki. Kowace kurbu ta digiri na uku tana da cibiya a x = −b/3a, in ka juya kayenka sama ya koma ƙasa a kan wannan ɗigon zanen ɗaya za ka gani. Ya ba su x³ − 6x² + 9x + 1, deribe 3(x − 1)(x − 3), tudu a x = 1 tsawo 5, kwari a x = 3 tsawo 1, cibiya a x = 2 tsawo 3, daidai tsakiyar su biyun ta kowane ɓangare. In lissafinka bai ba ka haka ba to wani wuri ka zame, kuma kai da kanka za ka kama.

Ranar kwali kuwa har ni sai da na matso gaba. Ya zo da kwalaye da ya yanka murabba'i, santimita 30 kowane gefe, ya ce za mu yanke kusurwa huɗu mu naɗe mu yi akwati marar murfi, nawa za mu yanke ya fi cin kaya? Wasu suka ce kaɗan don gindin ya yi faɗi, wasu suka ce da yawa don ya yi zurfi, aka yi musu sosai. Cikin akwatin x(30 − 2x)² ne, ga x³ ya dawo. Mai yanke 3 ya samu 1728, mai 4 ya samu 1936, mai 6 ya samu 1944, mai 10 ya faɗo 1000. Deribe ta ba da 12(x − 5)(x − 15), ya tambaye su me ya sa za mu yar da 15, wata yarinya ta ce Mushe ai in ka yanke 15 ta ko'ina ba sauran gindi. Saura 5, ya ba da 2000, lita 2 cif. Suka naɗe akwatunan suka zuba yashi suka gwada. Yaron da ya ga wannan ba zai sake tambaya wai deribe me take amfanawa ba.

Wani lokaci yakan ɗan taɓo tarihi, ba ya daɗewa a kai. Ya gaya musu Umar Khayyam, wanda ya rasu a 1131, da zane ya warware ekwasiyon masu x³, ta hanyar duba inda kurbu biyu suka haɗu, kuma sai a 1545 Cardano ɗan Italiya ya buga formil ɗin gaba ɗaya, wanda ba ya cikin porogaram ɗinsu. Na ga yaran sun ji daɗin jin cewa zanen ya girmi formil da shekaru ɗaruruwa. Bayani da Hausa yake yi in ya ga an ƙi ganewa, amma duk abin da zai hau tablo ko kaye da Faransanci ne yadda mai gyaran takarda yake son gani, kuma yana matsa musu a kan rubuta jimla cikakkiya ba lambobi tsirara ba. Ni wannan haɗin na ga ya dace.

Yanzu abin da bai yi mini ba. Yara sun yi yawa. Da farkon shekara wurin ya ishe su, amma da aka fara jin labarinsa sai aka yi ta kawowa shi kuma ba ya iya cewa a'a, yanzu benci na baya tablon ma da ƙyar ake gani, ga zafin Afrilu da Mayu a gareji mai rufin kwano, fanka ɗaya ba abin da take yi. Saboda yawan nan ba ya iya duba kayen kowa, gyara a tablo ake yi gaba ɗaya, yaro mai kunya zai iya wata guda yana maimaita kuskure ɗaya ba a gani ba. Na faɗa masa wannan baki da baki, na ce Mushe ko a raba su gida biyu ko da za mu ƙara wani abu, ya ce Malam gaskiyarka, zai duba, amma har yanzu ba a raba ba.

Sai maganar lokaci. Ana cewa kafin magariba za a tashi, amma in darasi ya yi masa daɗi sai a yi salla a dawo a ci gaba, ga ƴan mata da ke zuwa daga nesa, wasu daga Garin Malam wasu daga Karkada, ba kowa ke da mai ɗaukarsa ba, kabu-kabu da dare ga yarinya ita kaɗai ba abin da uwa za ta kwantar da hankali a kai ba ne. Innarmu ta sha kirana tana cewa ina kuke har yanzu. Kuma ya taɓa fasa zuwa ba sanarwa yara suka zauna jira, duk da ya rama daga baya.

A ɓangaren karatun kansa ma ina da magana ɗaya. Misalansa sun cika kyau. Kullum irin su x³ − 6x² + 11x − 6 ne, ka gwada 1 ya ba ka sifiri, ka raba da (x − 1), sauran 2 da 3 su faɗo da kansu. Yara sai su saba cewa kullum akwai rasin da ke jiransu tsakanin −2 da 2. Na ba ƙanwata x³ + x − 1 a gida, ta gwada 1 ta gwada −1 ta ce Yaya wannan an yi kuskuren bugawa. Ba kuskure, a 0 tana ba da −1, a 1 tana ba da 1, kullum hawa take, don haka amsa ɗaya ce tak a tsakaninsu, kana raba tazarar biyu kana matsowa har ka iske ta tsakanin 0,68 da 0,69. Na san sai a tarminal ake yin wannan sosai, amma mutumin da ya riga ya nuna musu cewa dole kurbun ta ƙetare layi, taki ɗaya ya rage masa, ina ma ya dinga jefa musu irin wannan jefi-jefi tun yanzu.

Babban abin da nake son iyaye su ji shi ne wannan kur ɗin ba ya komawa baya. Duk ginin nan da na bayyana a kan digiri na biyu yake zaune, delta da rasin da tablon alama, kuma shi ɗauka yake kowa ya iya. Na ga yara a can baya suna kwafa kawai, ba don ba su da ƙwaƙwalwa ba, tun sekond ne aka bar su a hanya, iyayensu na biyan jika biyar duk wata yaran kuma ba sa faɗa a gida. Don haka kafin ku biya ku zaunar da yaron ku rubuta masa x² − 5x + 6, ku ce ya nemo inda take zama sifiri ya kuma faɗi alamarta. In ya fito da 2 da 3 ya ce a tsakaninsu negatif ce a waje pozitif, ku kai shi tun farkon Oktoba ya samu bencin gaba, da kaye mai gida-gida da fensir da regil. In ya tsaya yana kallonku, ku fara nemo masa wani ɗalibin jami'ar André Salifou a unguwa ya zauna da shi a kan wannan tukuna, wata ɗaya ko biyu, sannan a zo maganar x³.